Lafiyar Baki da Lafiyar Jikin Dattawa

Iyayena maza da mata, ina gaishe ku da girmamawa, ina kuma gai da 'ya'yanku da jikokinku waɗanda ke ɗawainiya da ku a gida, domin rabin maganar da zan yi yau tasu ce.

Abin da ya tara mu shi ne batun baki da haƙora, da yadda lafiyarsu ta ke ɗaure da lafiyar sauran jiki, musamman ga wanda ya ba shekara 60 baya. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa zubewar haƙora wani haraji ne da tsufa ke karɓa, kamar furfura. In dattijo ya wayi gari da giɓi sai a ce ai shekaru ne, a wuce wurin. To, furfura dai ba makawa sai ta zo. Haƙori kuwa an halicce shi ne domin ya raka mai shi har ƙarshen rayuwa, kuma galibi cuta ce ke fid da shi, ko dai ruɓewa ko ciwon dasashi. Dukansu biyu ana iya tsare su, ana kuma iya yin maganinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahoton da ta fitar a 2022, ta ƙiyasta cewa mutane wajen miliyan 3,500 ne ke fama da wata cuta ta baki, watau kusan rabin mutanen duniya. Ta kuma ƙiyasta cewa cikin masu shekara 60 zuwa sama, kashi 23 cikin 100 ba su da haƙori ko ɗaya. Amma ku dubi abin da ya faru a ƙasar Japan. A 1989 hukumar lafiya ta ƙasar da likitocin haƙori suka ɗauri aniyar ganin kowa ya kai shekara 80 da haƙoransa 20 daga cikin 32 da baligi ke da su. A lokacin, cikin tsofaffi goma da ƙyar a ke samun ɗaya da ya cika wannan sharaɗi. Da aka yi ƙidaya a 2016 sai aka tarar sun wuce rabi. Shekarun dai ba su ragu ba, kulawa ce ta ƙaru.

Bari mu fara da ciwon dasashi, domin shi ne ya fi yi wa manya ɓarna, shi ne kuma ya fi iya ɓoye kansa. Kowa ya taɓa jin wani abu mai yauƙi a jikin haƙoransa da safe, wanda in ya kankare da farce zai ga fari-fari. Wannan dauɗa tarin ƙwayoyin cuta ce waɗanda ido ba ya gani, mazauninsu kuwa gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. In ana goge ta kullum, shi ke nan. In aka bar ta kwana da kwanaki sai ta taurare ta zama kamar tsakuwa, ta manne, har ya zama ba buroshi ko asuwakin da zai iya ɓamɓare ta. Daga nan sai dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa zub da jini da zarar an taɓa shi. Sannu a hankali ya saki haƙorin, ya bar ɗan rami a tsakaninsu, ƙwayoyin cuta su gangara ciki. Jiki kuwa ba ya zuba musu ido, yana tura dakarunsa su yaƙe su, kuma cikin wannan yaƙi na yau da gobe ne ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori ya ke cinyewa. Abin yana iya ɗaukar shekara 10 ko 20 ba tare da wani zafi na a-zo-a-gani ba. Ranar da mutum ya ji haƙori yana girgiɗa, yawancin ƙashin ya riga ya tafi.

Ina roƙonku ku yi tunani a kan wannan. Da a ce mutum yana da miki a ƙafa wanda ke zub da jini duk sa'ad da ya wanke shi, shekara da shekaru, ai da tuni iyalinsa sun ɗauke shi sun kai asibiti. Amma ga miki irin wannan a cikin baki, yana tofar da jini kowace safiya, sai ya ce asuwakin ne ya yi tauri. Dasashi mai lafiya ba ya zub da jini. Kuma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsaga ƙwayoyin cuta da dafinsu ke shiga cikin jini, in ana tauna ko ana goge baki, su zaga ko'ina.

Wanda wannan ya fi shafa shi ne mai ciwon suga. Tun 1993 wani masani mai suna Harald Löe ya kira ciwon dasashi illa ta shida cikin illolin ciwon suga, bayan na ido da ƙoda da jijiyoyi da sauransu. In suga ya yi yawa a jini, ƙarfin jiki na yaƙi da cuta ya kan ragu, miki ya kan daɗe bai warke ba, saboda haka dasashin wanda sugansa ba ya zama daidai ya fi saurin lalacewa, kusan ninki uku a kan na sauran mutane. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ta ɗaya gefen ma ɓarnar tana tafiya. Kumburin da ke cikin dasashi yana hana jiki jin maganar sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne kwashe suga daga jini. Sai ka ga dattijo yana shan maganinsa a kan ƙa'ida, ya rage tuwo, ya bar zaƙi, amma duk sa'ad da aka auna sai a ga sugan ya ƙi sauka, alhali kuwa ba wanda ya taɓa ce masa ya buɗe baki a duba. A 2022 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara bincike fiye da 30 da aka yi a ƙasashe dabam-dabam, ta tarar cewa in aka wanke ƙarƙashin dasashin mai ciwon suga a asibiti, awon jinin nan da ke nuna matsakaicin suga na wata 3 ya kan sauko da maki 0.4. Wani zai ce ai wannan kaɗan ne. Likitocin ciwon suga kuwa sun san ya kusa kai abin da a ke samu in an ƙara wa majinyaci wani magani na biyu. A ganina, duk wanda aka gaya wa yana da ciwon suga ya kamata a cikin watan nan ya nemi a duba masa baki, kamar yadda a ke duba masa ido da ƙafa.

Batun zuciya kuwa sai a yi hattara da shi, kada a faɗi abin da ya wuce gaskiya. An daɗe da lura cewa masu ciwon dasashi mai tsanani sun fi sauran mutane kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sai dai Ƙungiyar Kula da Ciwon Zuciya ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa ganin su tare bai isa hujjar cewa ɗaya ne ke haddasa ɗaya ba, tun da ya ke shan taba da ciwon suga da yawan shekaru suna kawo duka biyun. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne na mutumin da 'yan ƙyamaren da ke buɗewa da rufewa cikin zuciyarsa suka sami lahani, ko aka yi masa aiki aka sa na roba ko na ƙarfe. Ƙwayoyin cutar baki suna iya bin jini su sauka a kansu su yi gida, wannan kuwa ciwo ne mai kisa. Mai irin wannan zuciya lalle ne ya gaya wa likitan haƙori kafin a taɓa bakinsa.

Yanzu na zo kan abin da na fi so masu jinyar tsofaffi su riƙe, watau ciwon huhu, wanda likitoci ke kira nimoniya. Hanyar abinci da hanyar numfashi maƙwabtan juna ne a maƙogwaro. Mai ƙuruciya in ruwa ya sarƙe shi sai ya yi tari mai ƙarfi ya fid da shi. Tsoho kuwa, balle wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda gigin tsufa ya kama, ko wanda ya daɗe a kwance, haɗiyarsa ta yi rauni, tarinsa ma ya yi rauni. Cikin dare yana barci sai miyau ya riƙa silalewa kaɗan-kaɗan zuwa huhu, shi bai sani ba, na kusa da shi ma ba su sani ba. In bakin mai tsabta ne, huhu ya kan iya da abin da ya shigo. In kuwa an yi mako ba a goge shi ba, to miyan nan ɗauke ya ke da rundunar ƙwayoyin cuta. Bayan kwana kaɗan sai zazzaɓi, sai numfashi sama-sama, wani lokaci ma ba zazzaɓin, sai dai a ga tsoho ya rikice ya ƙi abinci. Mu kan ce sanyi ne ya kama shi, alhali daga bakinsa cutar ta taso.

An gwada wannan a gidajen kula da tsofaffi 11 a Japan, aka buga sakamakon a 2002. An raba tsofaffin kashi biyu, aka bi su shekara 2. Kashi ɗaya ma'aikata suna goge musu baki bayan kowane cin abinci, ɗaya kashin kuwa aka bar su yadda suka saba. Cikin waɗanda aka bari, 19 cikin 100 suka kamu da ciwon huhu. Cikin waɗanda a ke goge wa baki, 11 cikin 100 ne, kuma mace-mace ta dalilin ciwon sun fi ƙaranci a cikinsu. Ba wani magani mai tsada aka ba su ba, buroshi ne da hannun mai kulawa. Wani binciken kuma a can ƙasar, na 2015, ya nuna cewa tsofaffi tukuf masu kwana da haƙoran roba a baki sun fi masu cirewa kamuwa da ciwon huhu, ninki biyu da ɗoriya.

Sai maganar abinci, wadda ba ta bukatar wani bincike, domin kowa ya gani a gidansu. Dattijon da turamensa suka zube ba ya fitowa fili ya ce ba na iya tauna. Sai dai a ga ya ture nama gefe, ya bar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ya bar ganye, ya koma koko da kunu da shayi da burodi, kowanne an zuba masa sukari. Ciki yana cika, amma abin da ke gina tsoka da jini ba ya shiga. Bayan shekara guda sai a ga ya rame, ƙafafu ba ƙarfi, ya tashi zai yi alwala ya faɗi ya karye. In mai ciwon suga ne, abincin da ya koma wa shi ne wanda aka hana shi. Uwargida mai girki tana iya gyara wannan tun kafin a kai ga likita: wake a dafa shi lugub, alala, ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, dambun nama ko naman da aka niƙa, kindirmo ba sukari, miyar kuka da ta kuɓewa, zogale da alayyafo a yanka ƙanana, gwanda da ayaba. Akwai kuma wata asarar da ba a aunawa da ma'auni. Dattijon da ke jin kunyar warin bakinsa ko giɓinsa ya kan janye daga majalisa, ya rage magana, ya daina cin abinci cikin mutane, kaɗaici kuwa yana karya tsoho.

Kamar yadda baki ke taɓa jiki, haka jiki da magungunansa ke taɓa baki. Mai lafiya yana fid da miyau daga rabin lita zuwa lita 1 da rabi kowace rana, kuma miyan nan shi ke wanke haƙora, ya kashe tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa bayan an sha zaƙi. Magunguna da yawa da manya ke sha suna busar da baki, kamar wasu na hawan jini masu sa fitsari, da na mura da ƙaiƙayi, da na damuwa da rashin barci. Ga shi kuma dasashin tsoho ya ja da baya ya bar saiwar haƙori a waje, ita kuwa saiwa ba ta da farin rufin nan mai ƙarfi da ke kan haƙori, saboda haka ta fi saurin ruɓewa. In aka haɗa busasshen baki da saiwa a buɗe da alewar da a ke tsotsa don a jiƙa maƙoshi, haƙoran da suka yi shekara 60 lafiya lau suna iya lalacewa cikin shekara 2. Wasu magungunan hawan jini kuma, irin su amlodipine da nifedipine, su kan sa dasashin wasu mutane ya yi kauri har ya hau kan haƙora. Kada kowa ya bar shan maganinsa saboda wannan magana tawa. Ya koma wurin likitan da ya rubuta masa ya gaya masa, sau da yawa akwai wani da za a musanya. Kafin nan ya riƙa kurɓar ruwa a kai a kai.

Dole in taɓo abin da mu kan yi in haƙori ya tashi ciwo cikin dare. Wani ya danna ƙwayar asfirin a gindin haƙorin, ta ƙone masa dasashi. Wani ya ɗiga ruwan batir ko fetur, wai don ya kashe tsutsa, alhali ba wata tsutsa a cikin haƙori. Mafi yawa kuwa su kan aika yaro kemis ya sayo kafso da maganin kashe zafi. Zafin ya kan lafa, amma ruɓar tana nan, bayan wata guda ta dawo, a sake aikawa. Magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen, in tsoho ya daɗe yana shan su, suna kawo gyambon ciki har da zubar jini, suna raunana ƙoda, suna kuma ta da hawan jini. Haƙori guda ɗaya da aka ƙi kai wa likita yana iya jawo wa mutum ciwon ƙoda ta wannan hanya. In kuwa aka ga kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ko numfashi na wuya, to kada a jira gari ya waye. Kumburin nan yana iya toshe hanyar numfashi cikin sa'o'i kaɗan.

Taba kuwa, ko ta busawa ko garin da a ke haɗawa da kanwa a dasa a leɓe, tana gaba-gaba wajen kawo ciwon dajin baki, haka ma giya, balle in an haɗa su. Taba sigari tana da wani makirci kuma: tana matse ƙananan hanyoyin jini na dasashi, sai ya daina zub da jini ko da ya ruɓe, mai shi ya zaci lafiya ya ke. Duk miki a harshe ko leɓe ko cikin kumatu da ya yi mako 3 bai warke ba, ko wani tabo fari ko ja da ba ya goguwa, ko ƙullutu, a kai shi asibiti ko da ba ya zafi. Masu cin goro su ƙara lura, domin jan goro yana rufe kamannin baki.

Abin da a ke bukata kullum ba shi da yawa. A goge haƙora sau 2 a rana, minti 2 kowane karo, na daren kuma shi ne ya fi muhimmanci, domin miyau yana raguwa cikin barci. Buroshi ya zama mai laushi, man goge baki kuma ya zama mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa haƙori. In an gama a tofar kawai, kada a bi da kurkurar ruwa nan take. Asuwaki abu ne mai kyau, Musulmi sun san matsayinsa a sunna, kuma in aka yi shi da kyau yana fid da dauɗa sosai. Sai dai yawancinmu haƙoran gaba mu ke gogewa muna tafe muna hira, na ƙurya da bayan haƙora ba su samun rabonsu, kuma asuwaki ba ya ba da fuloraid yadda man goge baki ke bayarwa. Wanda ya haɗa biyun ya fi. Dattijon da yatsunsa suka sandare a naɗa masa ƙyalle a mariƙin buroshi ya yi kauri. Mai haƙoran roba ya cire su da dare, ya wanke, ya ajiye cikin ruwa mai tsabta, ya kuma goge dasashinsa da harshensa. Wanda ba shi da haƙori ko ɗaya ma bai kuɓuta daga wannan aiki ba.

Ku masu jinya, na san inda gizo ke saƙa. Mu kan yi wa mahaifi wanka, mu wanke masa tufafi, mu ba shi abinci a baki, amma ɗan fari ya ce wa mahaifinsa ya buɗe baki ya duba, ko matar ɗa ta ce wa surukarta haka, kunya ba ta bari. To al'adarmu da ta kawo kunyar ita ce kuma ta kawo mafita, domin tsakanin jika da kaka wasa ne. A sami jika mai hankali wanda ya mallaki kansa, a koya masa, a ɗora masa wannan aiki safe da dare. Ya wanke hannunsa, ya ta da tsohon zaune, in ba ya iya zama a juya shi a kan gefensa, kai ya ɗan sunkuya don kada ruwa ya gangara maƙogwaro. Ya yi amfani da ƙaramin buroshi irin na yara da ɗan man goge baki kamar ƙwayar wake. In tsohon yana sarƙewa kada a ba shi ruwa ya kurkure, a share da tsabtataccen ƙyalle mai danshi, a kuma duba cikin kumatu, musamman ɓarin da ya shanye, domin nan abinci ke maƙalewa. A shafa masa man kaɗanya a leɓe. Bayan cin abinci a bar shi a zaune kamar rabin sa'a kafin a kwantar da shi.

Daga ƙarshe sai zuwa wurin likitan haƙori, aƙalla sau ɗaya a shekara ko da ba abin da ke ciwo. Wasu suna gudun wankin haƙori na asibiti, wai yana sa haƙora su yi sako-sako su bar tazara. Tazarar dama tana nan, tsakuwar dauɗa ce ta cike ta, ita ce kuma ke cin ƙashin a ƙarƙashi. Akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika kusa da Zariya, da na Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ibadan da Legas, haka kuma a cibiyoyin lafiya na tarayya da manyan asibitocin jihohi da yawa. Wanda ke ƙauye ya fara da ƙaramin asibitin da ke kusa da shi, ya nemi ma'aikacin lafiya ya haska bakinsa ya duba, in abin ya fi ƙarfinsa ya ba shi takarda zuwa gaba. Ranar zuwa a ɗauki dukan magungunan da dattijo ke sha cikin kwalayensu a nuna wa likita, musamman masu tsinka jini irin su warfarin da asfirin, a kuma faɗa masa in akwai ciwon suga ko hawan jini ko ciwon zuciya. Mai ciwon suga ya karya kumallo ya sha maganinsa kafin ya fito, ya kuma roƙa a gan shi da safe.